Dalilai Goma Sha Biyu na Dickson

Tun ranar da Dickson ya fara taka ƙafa a ƙofata na san za a yi fama. Ni ce Sabuwa mai tuwo, a unguwar Deira ta Dubai, hawa na uku, bayan layin masu kargo. Duk ɗan Najeriyar da biriyani ta gundure shi a garin nan ya san gidana. Fataken Kantin Kwari, masu aikin otal, direbobi, Musulmi da Kirista, kowa ya zauna a ƙasa ya ci ya tashi. To shi wannan bawan Allah, a ƙarshen shekarar 2009 ne, sai ya toge a bakin ƙofa da biro uku a aljihun gaba, ya ƙura wa kwanon da na ajiye masa ido ya ce, "Hajiya, wannan kuka ce ko busasshiyar kuɓewa? Don na ga a takardar da kika manna a bango miya kawai aka rubuta."

Na ce, "Malam, ka ci. In ka gama sai ka faɗa mini."

Ya ci malmala huɗu ya tashi.

Ɗan Kafanchan ne. Ubansa akawu ne a reluwe, kuma da alama tun yana goye aka shayar da shi tawada. Ya yi difiloma ta aikin sakatare a Kaduna, ya zo Dubai da kwat biyu da tunanin za a ba shi ofis mai kallon teku. To ya samu kallon tekun, ba a yi masa ƙarya ba. Wani kamfani ne mai ba da hayar ƙananan jiragen ruwa na shan iska ya ɗauke shi, aka zaunar da shi a wani akurkin ofis a bakin mashigar jiragen. Aikinsa ya ɗauki hoton fasfon masu haya, ya miƙa wa kowa rigar ruwa, irin mai ruwan lemon nan da ke hana mutum nutsewa, sannan in wani abu ya faru a kan ruwa ya karɓi rahoton direba ya sa a fayil. Shi ke nan aikin. Amma in ka ji yana ba da labari a wurina, ka rantse da izininsa teku ke cika da janyewa.

Kuma mutumin nan bai iya iyo ba. Kai, bar ta iyo, ko abra, ɗan jirgin katakon da ke tsallakar da mutane daga Deira zuwa Bur Dubai cikin minti biyar, Dickson ba ya shiga. Gara ya zagaya a bas ya yi awa guda. Wai jiri yake gani. Mai kula da haɗarin jiragen ruwa ke nan.

Ba zan ɗauki alhakinsa ba, ba ya shan giya, ba ya neman mata, yana cikin mawaƙan cocinsu, kuma duk wanda ya sauka daga gida bai san inda zai sa kansa ba, Dickson zai cika masa fom har ƙarfe nawa bai gaji ba. Shi ne ma ya samar wa Yunana aiki a kamfaninsu, suka zauna ɗaki ɗaya.

Yunana ɗan Numan ne, a bakin Binuwai aka haife shi, yana tuƙa kwale-kwale tun kafin ya san harafi. Dogo, baƙi, marar magana. In ya zo wurina zai ce, "Mama, sannu da aiki," ya ci, ya wanke kwanonsa da kansa duk da na hana, ya tafi. Shekara biyu ya yi yana wanke jiragen mutane a cikin ranar nan mai narkar da takalmi, kafin aka yarda ya yi jarrabawa ya samu lasisin tuƙi. Matarsa Lucia da 'ya'ya uku suna Numan, kuma kowa ya san yadda zaman garin nan yake: aikinka shi ne bizarka. Ranar da kamfani ya ce khalas, wato an gama da kai, wata ɗaya gare ka ka tattara komatsanka. Yunana ya san wannan sarai, shi ya sa yake riƙe da aikin da hannu bibbiyu, ko latti bai taɓa yi ba.

A shekarar 2012 ne abin ya samo asali. Direbobin kamfanin daga ƙasa wajen shida suke, 'yan Kerala, 'yan Filifin, Misirawa, namu, kowa da irin Turancinsa. In jirgi ya gogi yashi, wannan ya rubuta sun taɓa ƙasa, wancan ya rubuta jirgi ya zauna, na uku ya rubuta sun yi karo. Masu inshora suka ce su fa sun gaji, ba su san ko haɗari uku aka yi ko ɗaya ba, a zauna a tsayar da kalma ɗaya ga kowane abu. Maganar gaskiya wannan ba shirme ba ne, ni ma da ban yi boko mai nisa ba na gane. Sai manaja ya kafa kwamiti na mutum biyar, aka nemi mai rubutu, kowa ya sunkuyar da kai. Dickson ya ɗaga hannu har yana tashi daga kujera.

Wayyo ni Sabuwa, wata shida muka yi muna shan wannan kwamiti da tuwo. Mutum ya dawo daga aiki a gajiye yana son ya ci abinci cikin salama, sai Dickson ya baje takardu a kan ledata.

"Karo," in ji shi, yana ɗaga yatsa, "sai in jirgi biyu ne, kuma dukansu suna tafiya. In ɗaya a tsaye yake, wannan bugu ne. In ƙasan jirgi ya taɓa yashi, wannan kafewa ce, ko da daƙiƙa ɗaya ne. Wanda ya zame da kansa, ya faɗa ruwa. Wanda gudu ya wurgar, an cilla shi. Ba ɗaya ba ne, jama'a, ba ɗaya ba ne."

Wani direban tasi ya ce, "To duka ba jiƙewa za su yi ba?"

Dickson ya dube shi kamar ya ga kashin kaza a kan darduma.

Har rauni sai da suka yanka masa iyaka. In an sa maka filasta a bakin ruwa, ba ka ji rauni ba. Sai an kai ka asibiti. Wata rana mai taya ni aiki ta ƙone da man suya ta yi ihu, Dickson ya leƙo kicin ya ce a ƙa'ida wannan bai kai rauni ba. Da ludayi na raka shi.

Daga ƙarshe suka fito da fom mai shafi biyu. Gaba, irin abin da ya faru, guda takwas, ka zaɓi ɗaya. Baya, dalilin faruwarsa, guda goma sha biyu, ka zaɓi ɗaya tak, ba biyu ba. Biyar na farko laifin direba ne, sauran na fasinja ne ko inji ko iska. Kuma kamfani ya kafa doka: in fasinja ya shiga ruwa kuma dalilin ya faɗa cikin biyar ɗin farko, direba ya ajiye makulli.

Abin da Dickson ya fi taƙama da shi kuwa shi ne abin da ya cire. A tsohon fom akwai rabin shafi fari fat, inda direba ke rubuta yadda abin ya faru da bakinsa. Dickson ya tsani wurin nan. Ya ce nan ne ake zuba tatsuniya, wani ya fara da gaisuwa, wani ya ƙare da addu'a, wani ya zana kifi. Ya yi ta naci a kwamiti har aka soke shi.

Ranar da ya zo da sabon fom ɗin, a cikin leda don kada miya ta taɓa, Yunana ya juya shi gaba da baya ya ce, "Oga Dickson, in abin da ya faru babu shi a jerin nan fa? A ina zan faɗa?"

"Babu abin da zai faru a kan ruwa da ba ya cikin jerin nan. Wata shida muka yi, Yunana. Kai dai ka tuƙa, ka bar mana tunani."

Yunana ya ce to, ya ci gaba da cin abincinsa.

Yanzu bari in kawo Alhaji Ɗalhatu, kuma in faɗi nawa laifin, don ni na haɗa su. Babban ɗan kasuwa ne a Kwari, yadi da leshi, sau huɗu yake zuwa a shekara ya cika kwantena. A watan Maris na 2013 ya zo da abokansa biyu, Ado da Dikko, suna cin abinci a wurina ya ce shi fa ya gaji da hoto a gaban kanti, yana son hoto a kan teku, dogayen benayen nan a bayansa, ya kai Kano a gani. Ni da bakina na ce ai muna da yaranmu a kamfanin jirage, a yi na gida. Har na ce zan zo da dambun nama da kunun aya a kula. Da na san abin da zai biyo baya, da na cika bakina da tuwo na yi shiru.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka isa. Alhaji ya sha babbar riga, shadda ruwan sararin sama, sabuwa dal, ta sha bugu tana ƙara in ya motsa, aiki tun daga wuya har cibiya. Dickson ya fito da rigunan ruwa, ni na sa, Ado da Dikko suka sa suna dariyar juna. Da aka miƙa wa Alhaji tasa sai ya ja da baya.

"Kai, ɗan samari, wannan abin za ka ɗaura mini a kan shaddar nan? Ka san ko nawa ne aikin wuyan kawai? In fito a hoto kamar buhun albasa?"

Nan fa na zuba ido in ga mai ƙa'ida. Mutumin da ya yi wata shida yana raba karo da bugu. Sai na ga ya rusuna, yana washe baki, ya ce, "Ranka ya daɗe, ba komai, a riƙe ta a hannu ma ya wadatar." Ya koma akurkinsa ya sa alama a takardar tashi cewa kowane fasinja ya samu riga. Samu fa, ba sawa ba. Yunana ya ce, "Oga, ba zan tashi da shi haka ba." Dickson ya yi ƙasa da murya ya ce, "Babban mutum ne, kada ka ba mu kunya. Yalla, tayar da jirgin, ka tafi a hankali kawai."

Muka tafi. Ruwa lafiya lau, iska mai daɗi, har na fara cewa ashe masu kuɗi ba banza suke ba. Da muka kai inda benayen suka jeru, Alhaji ya ajiye rigar ruwan a kan kulata, ya miƙe ya hau can goshin jirgin, ya ba Dikko waya. Yunana ya rage gudu ya ce, "Alhaji, don Allah a zauna." Alhaji ya ce minti ɗaya. Ya buɗe hannuwa ya baza rigar don aikin ya fito. Yunana ya sake cewa, da ƙarfi wannan karon, "Alhaji, igiyar ruwa na zuwa, a zauna!" Wani ƙaton jirgi ne ya wuce can nesa, ruwan da ya turo ya iso mu. Jirginmu ya ɗaga ya sauka. Da na buɗe ido babu Alhaji, sai hularsa tana yawo.

Wanda bai taɓa ganin babbar riga a cikin teku ba, kada Allah ya nuna masa. Da farko ta kumbura ta ɗauke shi, har Ado ya yi dariya. Kafin ka ce me ta sha ruwa, ta naɗe masa kai da hannuwa, ta fara ja da shi ƙasa. Yunana ya kashe inji, ya wurga masa tayar ceto, ta faɗi dab da shi, amma da wane hannun zai kama? Hannuwan suna cikin yadi kamu goma. Ni salati kawai nake, Ado da Dikko suna ta ihu babu mai motsi. Sai na ga Yunana ya zaro wuƙar yankan igiya, ya cije ta a baki, ya faɗa.

Ban san tsawon lokacin da suka yi a ƙasa ba. A wurina ya kai shekara. Da suka taso, Alhaji daga shi sai singileti da wando, Yunana ya tsarge rigar tun daga wuya har ƙasa ya zare shi daga ciki. Muka ja shi sama mu uku, ya kwanta yana aman ruwan gishiri da dambuna. Kafin Yunana ya hawo, iska ta tura jirgin ya gogi wani ƙarfen alama da ke kan ruwa, fenti ya ɗan kankare, tsawon tafin hannu. Wannan kankarewar ce ta sa ba yadda za a yi a ɓoye maganar, dole a cika fom.

Na yi kuka a jirgin nan, na riƙe hannun Yunana na ce Allah ya yi maka albarka, ɗana. Na ɗauka lambar yabo za a ba shi.

Ranar Lahadi da azahar, ina kwashe tuwo, sai ga Yunana ya shigo a lokacin da ya kamata yana kan ruwa. Ya zauna bai nemi abinci ba. Ya ce, "Mama, an karɓi makulli." Ba a jima ba Dickson ya shigo da fayil a hammata, fuska a ɗaure kamar alƙali.

Na ce, "Dickson, me ka rubuta?"

"Ban rubuta komai ba, Hajiya. Yanzu ba a rubutu, zaɓa ake yi. A gaba, fasinja ya faɗa ruwa. A baya, dalili na huɗu: direba ya bar mazauninsa alhali jirgi na kan ruwa da fasinjoji."

"Ya bar mazauninsa ya tafi ina? Kasuwa?"

"Fom bai tambayi inda ya tafi ba. Ya bari ko bai bari ba?"

"Bayan mutumin ya faɗa ya bari! Ta yaya abin da ya zo daga baya zai zama dalilin na farko? Kai da ka yi difiloma!"

Ya gyara tsayuwa ya ce ai rahoton ya haɗa da gugar da jirgi ya yi, kuma gugar ta faru ne saboda babu kowa a sitiyari, kuma dalili ɗaya ake zaɓa. Na ce to a cikin goma sha biyun naka babu inda aka ce fasinja ya yi taurin kai? Ya ce akwai, na tara, fasinja ya ƙi bin umarni. Na ce alhamdu lillahi, sa shi. Sai ya buɗe wani ɗan littafi, wanda shi da kansa ya buga, ya karanta mini: ana zaɓar na tara ne kawai in an rubuta ƙin bin umarnin a takardar tashi kafin jirgi ya bar gaɓa.

"Wa ke rubuta takardar tashin?"

Ya hau jujjuya shafukan littafin.

"Na ce wa ke rubutawa, Dickson?"

"Ni ne."

Nan na gane komai. In ya sa na tara, tambaya ta gaba ita ce wa ya bar mutum ya hau jirgi da rigar ruwa a hannu, kuma amsar tana tsaye a gabana da biro uku. Tsoro ne kawai, tsoron wata ɗaya da tattara kaya, irin wanda kowannenmu ke kwana da shi. Da ya ce mini, Hajiya, tsoro nake ji, wallahi da na tausaya masa. Amma ya tsaya yana karanta mini ma'anar kalma, yana cewa shi bawan ƙa'ida ne, hannunsa a ɗaure yake. Wa ya ɗaure shi? Shi ya saƙa igiyar da hannunsa. Na ce masa tir, na faɗa a gaban mutane, kuma ban janye ba har yau.

Washegari na sa mayafina na tafi wurin manajan da kaina. Mutum ne mai ladabi, ya ba ni ruwa mai sanyi, ya saurare ni da ɗan Larabcina da ɗan Turancina. Ya ce ya yarda da ni ɗari bisa ɗari, amma masu inshora fom suke karantawa, kuma fom ba shi da gurbin shaida. Hannu biyu ake sawa, na akawu, wato Dickson, da na wanda ya yi haya. In wanda ya yi hayar ya zo ya sa hannu cewa an ba shi riga ya ƙi, an ce ya zauna ya ƙi, to zai mayar da shi na tara da kansa, Yunana ya koma aiki gobe.

Na ce wannan mai sauƙi ne. Mutumin da aka tsamo daga bakin kabari, sa hannu zai gagare shi?

Muka same shi ni da Yunana a shagon mai kargonsa a Al Ras, yana zaune a kan dilar yadi, ya sha wata sabuwar shaddar, fara. Ya tarbe mu da fara'a, ya sa aka kawo shayi. Na yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya saurara yana jan carbi, sannan ya yi ajiyar zuciya.

"Hajiya Sabuwa, ni fa na yafe masa."

Na ce, "Ka yafe wa wa, Alhaji?"

"Yaron nan. Rigar nan da ya yaga, ko sau ɗaya ban taɓa sa ta ba sai ranar. Amma na yafe, duniya da lahira, ban riƙe shi da komai ba. Ƙaddara ce."

Na dubi Yunana, kansa a ƙasa. Na danne zuciyata na ce ba maganar riga ake ba, ranka ya daɗe, hannu kawai za ka sa.

"In sa hannu a takardar hukuma in ce na karya doka a ƙasar mutane? Gobe in nemi biza a ce ga sunana? Kuma takarda tafiya take, Hajiya. Ki duba girmana. A ji a Kwari an tsamo Ɗalhatu daga shi sai singileti? A rufa wa juna asiri mana. Allah zai ba shi wani aikin, inshallah, wanda ya fi wannan."

Na ce ba ta hukuma ba ce, ta kamfani ce. Ya ce duk ɗaya ne. Na ce to Ado da Dikko fa, da hotunan da suka ɗauka? Ya ce sun goge hotunan, shi ya sa su. Sannan ya laluba aljihu ya ciro 'yar kwalbar turare, irin wadda ake ba mutum kyauta in ya sayi da yawa, ya miƙa wa Yunana. Yunana ya karɓa da hannu biyu ya ce na gode, saboda haka aka rene shi. Ni kuwa na tashi na bar masa shayinsa. Ranar Talata jirginsa ya tashi zuwa Kano.

Saura hanya ɗaya, Dickson ya je ya ce shi ne ya bar mutumin ya hau. Ɗaki ɗaya suke kwana da Yunana, gado sama da ƙasa. Kwana ashirin da tara Yunana yana fita neman aiki yana dawowa, kuma duk kamfanin jirgin da ya je sai su nemi rahoton tsohon wurinsa, su ga na huɗu, su ce za su kira shi. Dickson yana gani. Har fom ɗin neman aikin shi yake cika masa, da kyakkyawan rubutunsa. Na tambayi Yunana me ya sa ba zai shaƙe shi ya faɗi gaskiya ba. Ya ce, "Mama, shi ya kawo ni. Kuma in an kore shi ba lalle a mayar da ni ba, sai mu zama mu biyu." Dickson kuwa a watan nan aka ƙara masa girma, aka ce ya je ya koya wa reshensu na biyu yadda ake cika sabon fom.

Ranar tafiyar Yunana na yi masa miyar kifi, ya zo da jakarsa ɗaya da rana tsaka. Muna zaune sai ga Dickson da ambulan. Ya ce kwafin rahoton ne, da hatimi, haƙƙin ma'aikaci ne a ba shi. Na buɗe baki zan wanke shi, Yunana ya ɗaga mini hannu. Ya buɗe ambulan ɗin, ya shimfiɗa takardar a ƙasa tsakaninsu.

"Oga Dickson, Lucia za ta tambaye ni me na yi aka kore ni. Babana ma zai tambaya, shi ya koya mini ruwa. Nuna mini inda aka ce mutumin bai mutu ba, in nuna musu."

Dickson ya durƙusa. Ya bi shafin gaba da yatsa, layi-layi, har ƙasa. Ya juya baya ya bi goma sha biyun nan ɗaya bayan ɗaya, kamar ba shi ya jera su ba. Masu cin abinci duk sun tsaya. Yatsan ya sauko can ƙarshen shafi, wani ɗan gurbi da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ya tsaya.

"Ga shi. Adadin waɗanda suka mutu."

"Me aka sa?"

"Sifili."

"Shi ke nan?"

"Nan ne kawai," in ji Dickson.

Yunana ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya ce in ara masa abin rubutu, na ba shi, ya zagaye ɗan gurbin a hankali don kada ya ɓace masa in ya isa gida. Ya ninke takardar ya sa a aljihun ƙirji. Dickson ya miƙa hannu zai ɗaukar masa jaka, Yunana ya ce, "Bar shi, Oga, ba nauyi." Ya ce mini, "Mama, a yafe ni," ya sauka.

Na tsaya a saman matakala ina jin takunsa har hawa na ƙasa, ina kuka kamar ni na haife shi.